Gyambon kwanciya: abin da kare, alade da ɓera suka koya wa likitoci, da inda iliminsu ya tsaya

Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya daɗe a kwance, ko wanda lakar bayansa ta taɓu a haɗarin mota, ya san wannan ranar. An zo juya shi don a sauya zanin gado, sai a ga wani tabo a ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ke tokare katifa. Bai fashe ba, ba ya jini, ya dai ɗan fi sauran fatar duhu, in an sa hannu a ji ɗumi ko tauri. A shafa man zafi ko basilin, a ce ba komai. Kwana huɗu ko biyar wurin ya buɗe, sai a tarar ashe rami ne, cikinsa ya fi bakinsa faɗi, wani lokaci har ana hango farin ƙashi. Masu jinya su shiga zargin juna, wannan ya ce wancan ne ya yi sakaci jiya. Alhali ɓarnar ta riga ta auku tun kafin kowa ya ga komai a fata.

Wannan shi ne gyambon kwanciya, kuma ba ƙaramin al'amari ba ne. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na manya da ke kwance a asibitoci suna da shi. A Amurka kaɗai ana ƙiyasta mutum miliyan 2.5 a shekara. Wuraren da ya fi kamawa sanannu ne: ƙasan baya, diddige, kwatangwalo, da ƙasusuwan mazaunai ga masu zama a keken guragu.

To, ta yaya aka san cewa ramin daga ciki yake farowa? Ta yaya aka san yawan matsin da nama zai iya jurewa da tsawon lokacin? Ba wanda zai ɗauki mutum lafiyayye ya danne masa kwatangwalo na awa takwas, sannan ya yanki naman ya duba a madubin likita. Majinyaci kuma ba ya zuwa da takardar da ke cewa ga sa'ar da abin ya fara. Shi ya sa mafi yawan abin da ake koya wa ma'aikatan jinya kan musabbabin wannan gyambo daga jikin dabbobi ya fito. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun daga farko: ɓeran da ke cikin keji ba ya kamuwa da gyambon kwanciya da kansa. Sai an ƙirƙira masa. Kuma irin kayan aikin da aka ƙirƙira masa gyambon da shi, shi ke yanke irin amsar da za a samu.

Gardamar ta faro ne a Faransa a ƙarni na 19. Jean-Martin Charcot, babban likitan jijiyoyi na asibitin Salpêtrière da ke Paris, yana ganin gyambon daga lalacewar jijiyoyi yake zuwa kai tsaye: da zarar ƙwaƙwalwa ko laka ta taɓu, fata ta rasa abin da ke raya ta, dole ta ruɓe, kome za a yi. Ya ma ɗauke shi alamar cewa ajali ya kusa. Charles-Édouard Brown-Séquard bai yarda da wannan tunani ba. Tun 1853 ya bayyana gwajin da ya yi a kan ɓerayen Masar da tattabaru waɗanda ya lalata wa laka. Waɗanda ya kula da su, ya hana kowane sashe na jikinsu daɗewa a danne, yana wanke musu fitsari da kashi sau da yawa a rana, ba su yi gyambo ba. Amsar ke nan tun lokacin, amma sunan Charcot ya fi nauyi, kuma ra'ayin cewa abin ƙaddara ce da ba ta da makawa ya fi wa mai jinya daɗin ji. An ɗauki shekaru da dama kafin a koma ga maganar ɓerayen Masar.

Bayan haka sai aka shiga neman adadi. Groth a Suwidin ya danna tsokar zomaye a 1942, Husain a Ingila ya ɗaure ƙafafun ɓeraye a 1953. Amma sunan da aka fi ambata shi ne Michael Kosiak na jihar Minnesota a Amurka. A 1959 ya yi amfani da karnuka, yana danna musu fata a kan ƙashin kwatangwalo da ƙarfi daban-daban na lokaci daban-daban. Abin da ya fito shi ne cewa matsi da lokaci suna musayar juna: matsi mai tsanani yana ɓarna cikin ɗan lokaci, matsi mai sauƙi ma yana ɓarna in ya daɗe. A 1961 ya koma kan tsokar ɓeraye, ya ga cewa matsi na 70 na tsawon awa biyu ya isa ya bar sauyin da ake iya gani a madubin likita. Wannan 70 ɗin da ma'aunin hawan jini ake lissafa shi, wato irin lambar da nas ke faɗa idan ta ce jininka 120 bisa 80. Ke nan matsin da bai kai wanda ake hura wa hannunka lokacin awo ba, in ya zauna awa biyu, nama ya fara ƙorafi.

Akwai wata lamba da ta haɗu da wannan ta zama kamar karatun allo, wato 32. Eugene Landis ne ya auna ta a 1930, a cikin ƙananan hanyoyin jini na gindin farcen mutane masu lafiya. Daga nan aka ɗauka cewa duk matsin da ya wuce 32 yana toshe jini, duk wanda bai kai ba lafiya lau. Masu sayar da katifun asibiti sun daɗe suna talla da ita. Amma gindin farcen saurayi ba ƙasan bayan tsohuwa mai ƙarancin jini ba ne, kuma matsin da aka auna tsakanin fata da katifa ba shi ne matsin da ke can ciki kusa da ƙashi ba. Zan dawo kan wannan.

Ana yawan cewa ƙa'idar juya majinyaci duk bayan awa biyu daga gwajin Kosiak ta fito. Tarihi bai goyi bayan haka sosai ba. Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya riga ya ɗora ma'aikatansa a kan juyi na awa biyu-biyu dare da rana, kuma sojojin da a da gyambo da ciwon mafitsara ke kashewa suka fara rayuwa. Dabba ta zo ne daga baya ta ba al'adar hujja ta adadi. Da aka gwada abin a kan mutane kai tsaye a 2013, a gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Kanada, an raba mutum 942 gida uku: masu juyi bayan awa biyu, uku, da huɗu. Ba a ga bambanci na a zo a gani ba. Amma kada wani ya ɗauki wannan ya kai gida: dukkansu a kan katifar soso mai kauri ta musamman suke, ana kuma duba fatarsu a kai a kai. Wanda ke kwance a tabarma ko katifar da ta lotse ba ya cikin wannan lissafi.

Daga kare aka koma alade, kuma da dalili. Fatar kare da ta zomo da ta ɓera sako-sako take, kana iya kama ta ka ɗaga kamar riga. Ta alade kuwa a manne take da abin da ke ƙarƙashinta, gashinta kaɗan ne, kaurinta da kitsen da ke ƙasa sun yi kusa da na ɗan Adam. Na san mai karatu zai ɗan yamutsa fuska, amma a fagen binciken fata babu dabbar gida da ta kai ta kama da mu. A 1974 Dinsdale ya yi gwaji a kan aladu, wasu lafiyayyu wasu an shanye musu ƙafafun baya, ya ƙara wani abu da na baya ba su kula da shi ba: gogayya. Da matsi kaɗai, sai da ya kai 290 kafin gyambo ya fito. Da aka haɗa matsin da gurzar fata, 45 ya wadatar. Wannan ba zai ba mai jaki mamaki ba. Kowa ya ga jakin da akumari ya ci wa baya ya san ba nauyin kaya kaɗai ne ke huda fata ba, har da yadda kayan ke gaba da baya a kan gumi duk takun da ya yi. Haka abin yake idan aka ja majinyaci a kan zanin gado maimakon a ɗaga shi, ko aka tayar da kan gado sosai har ya riƙa sulalowa: fata ta maƙale a zani, ƙashi ya zame ƙasa, naman da ke tsakani ya murɗe.

Sai 1981, lokacin da Rollin Daniel da abokan aikinsa a Kanada suka danna kwatangwalon aladu da na'urar da ke riƙe matsi daidai. Matsi na 500 na awa huɗu ya kashe tsoka, fatar da ke sama kuwa tana nan kamar ba abin da ya faru. Kafin fatar kanta ta mutu sai da aka kai 800 na awa takwas. Fata ashe jaruma ce, tsoka ce raguwa, domin tsoka ta fi cin iskar oksijin kuma ita ce ke matse tsakanin ƙashi da katifa. Nan aka samu bayanin ramin da cikinsa ya fi bakinsa faɗi. Duk da haka sai a 2007 kwamitin ƙwararru na Amurka kan wannan ciwo ya shigar da rauni mai farowa daga zurfin nama cikin rabe-rabensa a hukumance. Shekara 26 tsakanin alade da takardar asibiti.

Yanzu bari mu tsaya a kan hanyar da ta fi kowace yaɗuwa a ɗakunan gwaji, wato ta maganaɗisu, domin yawancin labaran da ake bugawa na an gano maganin gyambo daga gare ta suke fitowa.

Ana sa wa ƙaramin ɓera maganin barci, a aske masa baya, a goge. Mai bincike ya kama fatar bayan da yatsu biyu ya ɗaga ta, ta yi kamar ninkin zane. Sai ya kawo maganaɗisu biyu masu kama da maɓallin riga, faɗin kowanne milimita 12, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, su kama juna da fatar a tsakani. Ɓeran ya farka ya ci gaba da harkarsa, yana ci yana sha yana yawo da su a baya. Bayan awa 12 a cire, a bar shi awa 12, a sake mayarwa, har sau uku. Bayan 'yan kwanaki sai ga gyambo biyu zagayayyu, girmansu ɗaya, da ɗan siririn fata lafiyayya a tsakaninsu. Istvan Stadler da abokansa a Rochester ta jihar New York ne suka bayyana wannan tsari a 2004, kuma ba wuya a ga abin da ya sa ya karɓu. Ba tiyata, ba na'ura mai tsada, ɗalibi ma zai iya, kuma gyambon da aka samu a Japan zai yi kama da wanda aka samu a Brazil.

Dabarar sa-da-cirewa ba ta banza ba ce. A 2000, Shayn Peirce da abokan aikinta a Jami'ar Virginia sun dasa ɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin fatar manyan ɓeraye, suna ɗora maganaɗisu a waje ya matse fatar. Suka kwatanta abu biyu: awa goma na matsi a jere ba hutu, da awa goman da aka raba kashi biyar ana sakewa a tsakani. Wanda aka riƙa sakewa ya fi lalacewa. Abin kamar ya saɓa wa hankali, tunda dawowar jini ya kamata ya zama ceto. Bayanin shi ne, naman da ya daɗe ba iska yana tara wasu sinadarai, kuma idan jini ya dawo da oksijin a lokaci guda sai su rikiɗe su zama masu ƙona ƙwayoyin halitta, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin, ƙananan hanyoyi su kumbura su toshe. Kamar gonar da fari ya ƙeƙasar, ruwan farko ya zo da ambaliya ya kwashe ƙasar. Wannan ba ya nufin a daina juya majinyaci, ko kusa. Abin da yake nufi shi ne, wurin da ya riga ya sha matsi yana buƙatar hutu isasshe kafin a sake kwantar da mutum a kansa, kuma maimaita kwanciya a kan tabon da ya fara nunawa ƙara wa wuta fetur ne.

Amma dubi abin da maganaɗisun ya bari a waje. Babu ƙashi. Babu tsoka mai kauri, sai wata siririyar tsoka da ke manne da fatar ɓera, wadda mu ba mu da ita sai 'yar kaɗan a wuya da wasu wurare. Matsin daga gefe biyu yake zuwa kamar mintsini, alhali a jikin mutum ƙashi ne ke turowa daga ciki. Sannan wannan siririyar tsokar tana sa raunin ɓera ya warke ta hanyar tsukewa, kamar an ja zaren bakin jaka, cikin 'yan makonni ko an sa magani ko ba a sa ba. Raunin mutum kuwa sai ya cika da sabon nama daga ƙasa, fata ta rarrafo daga gefe. Masu bincike sun san da wannan, har wasu kan ɗinke zoben roba kewaye da raunin don hana shi tsukewa. Duk da haka, a ganina, abin da maganaɗisu ke samarwa rauni ne na fatar da aka hana jini, wanda ke da amfani ga mai son fahimtar kumburi da dawowar jini. Kiran sa gyambon kwanciya kai tsaye akwai ƙarin gishiri.

Waɗanda suka ɗauki wata hanya daban, ta danna tsoka a kan ƙashi, su ne injiniyoyi, musamman ƙungiyar Cees Oomens a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke Holand, da Amit Gefen a Jami'ar Tel Aviv. Su tambayarsu daban ce: shin rashin jini ne ke kashe tsoka, ko kuwa lanƙwasewar da take yi? A Eindhoven sun sa babban ɓera cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, yana barci, wani ɗan sanda mai zagayayyen kai yana danna tsokar gaban ƙafarsa zuwa ga ƙashi na awa biyu, suna kallon abin da ke faruwa a ciki ba tare da yanka ba. A wasu ɓerayen kuma ba su danna komai ba, sun dai ɗaure cinya suka tsayar da jini na awa biyun. Sakamakon da Anke Stekelenburg ta buga a 2007 ya nuna cewa tsokar da aka hana jini kawai ta farfaɗo bayan an kwance ɗaurin. Wadda aka danna kuwa ta samu ɓarnar da ba ta komawa, kuma ɓarnar ta taru ne a inda naman ya fi lanƙwasewa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa irin wannan ɓarna tana iya farawa cikin minti goma in lanƙwasar ta yi tsanani. Ƙwayar halitta jaka ce mai laushi; in aka matse ta ta baje fiye da kima, bangonta ya fara yoyo, ba sai ta jira yunwar iska ba.

A Tel Aviv, a 2006, Linder-Ganz da Gefen sun sake zana layin Kosiak, mai nuna yadda matsi da lokaci ke musayar juna, da tsokar ɓeraye, suka ga ba gangara ce sumul ba. Daga minti 15 zuwa awa ɗaya, sai matsi ya haura kusan 240 kafin ƙwayoyin tsoka su mutu. Tsakanin awa ɗaya da biyu juriyar ta faɗi warwas, bayan awa biyu matsi na kusan 67 ya isa. Wato akwai matsin da ba shi da lokacin aminci ko kaɗan, irin wanda mutum ke samu a kan gadon tiyata mai tauri ko allon ɗaukar wanda ya yi haɗari, akwai kuma wanda sai ya daɗe. Ƙungiyar ta kuma zaunar da mutane a cikin MRI mai buɗaɗɗen gefe, ta lissafa da kwamfuta, ta ga cewa abin da tsoka ke sha a ƙarƙashin ƙashin mazaunai ya zarce abin da ake aunawa a saman kujera nesa ba kusa ba. Nan lambar 32 ta ƙarasa rasa martabarta.

Idan ka jera su za ka ga abin da na faɗa da farko. Wanda ya mintsine fata ya samu labarin jini. Wanda ya danna tsoka a kan ƙashi ya samu labarin lanƙwasa. Wanda ya gurza fatar alade ya samu labarin gogayya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma likitoci a yau suna karɓar dukkan hanyoyin a matsayin abubuwan da ke aiki tare, wani da wuri wani a makare. Har ma da dabbar da ke samun gyambon da kanta ta ƙara nata: a gonakin Denmark, uwar aladu da ke daɗewa kwance a kan daɓe lokacin shayarwa tana yin gyambo a kafaɗa, kuma binciken da aka yi wa naman ya nuna nata daga fata yake farowa ya nutsa ciki. Ke nan ba kowane gyambo ne ke bin hanya ɗaya ba.

Inda dabbobi suka gaza sosai shi ne wajen gwada magani. Mutumin da ke da gyambon kwanciya akasari tsoho ne, ko mai ciwon suga, ko wanda ba ya cin abinci sosai, ko wanda fitsari ke zubo masa ba ya sani, sau da yawa ma duka a haɗe. Gyambonsa kan yi watanni, ƙwayoyin cuta sun yi sansani a ciki, kuma gobe ma a kansa zai kwana. Ɓeran gwaji matashi ne ɗan wata biyu ko uku, ƙoshi yake, kejinsa tsaf, kuma da an cire maganaɗisu matsi ya ƙare har abada. An yi ƙoƙarin rage tazarar: ana amfani da tsofaffin ɓeraye, da masu ciwon suga na gado, da waɗanda aka yanke wa laka, ana kuma zuba ƙwayoyin cuta a raunin da gangan. Kowane ƙari yana kawo abu ɗaya kusa da gaskiya, yana kuma ƙara tsada da mutuwar dabbobi kafin gwaji ya ƙare. Wani bita da aka yi a 2001 kan magungunan rauni ya gano cewa sakamakon aladu ya dace da na mutane da kashi 78 cikin 100, na ƙananan dabbobi irin su ɓera kuwa kashi 53 kacal. Wannan bai fi jefa kwabo sama da yawa ba. Me ya sa to ba a koma ga alade gaba ɗaya ba? Kuɗi, wuri, da ƙarfi. Alade na girma da sauri, ba ya yarda a riƙe shi sai an sa masa maganin barci, yana goge duk bandejin da aka ɗaura masa a jikin bango, kuma kuɗin guda ɗaya zai sayi ɓeraye masu yawa. Ga kuma irin ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado iri-iri, waɗanda ba a da kwatankwacin yawansu a aladu.

Misali ɗaya ya isa. Sinadaran da ke zaburar da girman nama sun yi abin mamaki a raunukan dabbobi shekaru da dama da suka wuce. Ɗaya daga cikinsu, becaplermin, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997, amma don gyambon ƙafar masu ciwon suga. Ba ta amince da shi don gyambon kwanciya ba. Har yau ginshiƙin jinya bai sauya ba: ɗauke matsi daga wurin, cire mataccen nama, tsabta, abinci mai gina jiki, da tiyata in ramin ya yi zurfi. Saboda haka in ka ga labari cewa wani mai ko wani ganye ya warkar da gyambon kwanciya a ɓeraye, tambayar farko ita ce yaya aka yi gyambon, ta biyu kuma kwana nawa ya riga wanda ba a sa wa komai ba warkewa. Sau da yawa amsar kwana biyu ce ko uku, a raunin da dama zai rufe da kansa.

Akwai kuma haƙƙin dabbar, wanda bai kamata a tsallake ba. Wannan bincike ne da ake jawo wa mai rai ciwo da gangan, kuma mu da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba mu buƙatar wani ya koya mana cewa abin da nauyi. A shekarar da Kosiak ya buga aikinsa na karnuka, 1959, wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka fitar da ƙa'idoji uku da yanzu dokokin ƙasashe da yawa suka ginu a kansu: a maye gurbin dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Na'urar MRI ta taimaka a nan, tunda ana iya bin dabba ɗaya kwana da kwanaki maimakon a kashe guda a kowane mataki. An kuma fara noma 'yar tsoka a faranti daga ƙwayoyin halitta ana danna ta, kamar yadda Gefen ya yi da mutanen Eindhoven a 2008. Amma tsokar faranti ba ta da jini, ba ta da garkuwar jiki, don haka ba za ta faɗi komai kan kumburi ba. Akwai ma wani ƙulli mai wuyar kwancewa: wasu magungunan kashe zafi suna rage kumburi, wato suna taɓa ainihin abin da ake son aunawa, hana dabbar su kuma zalunci ne.

Wani gibi kuma ya shafe mu kai tsaye. Matakin farko na gyambon kwanciya, yadda littattafan jinya suka daɗe suna siffanta shi, shi ne jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. Wannan siffa a kan farar fata aka gina ta, kuma akasarin dabbobin gwaji, da zarar an aske su, fatarsu fara ce ko ja-ja, duk wani sauyin launi a fili yake. A baƙar fata jan ba ya fitowa haka. Abin da ake gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi ƙyalli, wani lokaci ma ido ba ya kama komai, shi ya sa ake yawan gano shi a makare bayan ya fashe. Jagororin jinya na yanzu suna cewa a duba da haske mai kyau, a kwatanta wurin da ɗan'uwansa na ɗaya ɓarin, a sa bayan hannu a ji ko ya fi ɗumi ko sanyi, a latsa a ji ko ya yi tauri ko ya yi taɓo-taɓo, a kuma tambayi majinyacin in yana iya magana ko wurin na masa zafi. An ƙera na'urorin hannu masu auna ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin fata kafin ido ya ga wani abu, da kyamarorin da ke ɗaukar hoton zafin jiki, amma ba kowane asibiti ne ke da su ba, balle ɗakin da 'ya ke jinyar mahaifiyarta da fitilar waya.